Yadda hanci ke ɗaga wasali ko ya sauko da shi

Duk wanda ya saba bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko ya fita ta Kwangwalam daga Daura ya nufi Damagaram, ya san jandarma. Daga Faransanci muka aro kalmar, kuma a takarda gendarme ake rubuta ta, da "e" a gaɓar farko, amma ba ka jin Bahaushe ya ce "jendarma". Haka kuɗin haraji: 'yan'uwanmu na Nijar suna ce masa lanho ko lampo, alhali a rubuce l'impôt ne, da "i". Kakanninmu sun maimaita abin da kunnensu ya ji daga bakin Bafaranshe ne, domin shi kansa Bafaranshen ya daɗe da daina furta "e" da "i" a waɗannan wurare. Rubutu ya tsaya inda yake, wasalin kuwa ya zame ya yi ƙasa. Abin da ya zamar da shi shi ne hanci, kuma irin wannan ya faru a harsuna da yawa waɗanda ba su haɗa komai da juna ba.

Kafin a je ga hancin sai an san abin da ake nufi da wasali ya hau ko ya sauka. Ka ce "ii", sannan ka ce "ee", sannan "aa", a hankali, hannunka a haɓa. Za ka ji muƙamuƙi yana sauka, harshe yana nisa da ganɗa. Saboda haka malaman ilimin furuci suke kiran "i" da "u" wasulan sama, "e" da "o" na tsakiya, "a" kuma wasalin ƙasa. Wanda ya yi karatun allo da ruwayar Warshu ya riga ya san wannan ta wata ƙofar: imala ita ce a karkatar da fataha ta nufi wajen kisira, wato a ɗan ɗaga "a". Ɗigon imala ɗin nan ne ma masu ajami suka ɗauka suna rubuta wasalin "e" da shi.

Shi kuma hanci, ƙofarsa tana can ƙuryar baki. Bayan ganɗa mai tauri akwai hanɗa mai taushi, wadda beli ke reto a ƙarshenta. Idan hanɗa ta ɗaga, ta toshe hanyar hanci, iska duk ta baki take fita. Idan ta sauka, wata iskar ta bi ta hanci. Malaman tajwidi sun riga kowa a garin nan sanin wannan a aikace. Za ka ga yaro yana karatu a gaban malam, ya zo kan madda ya ja ta da gunna, malam ya tsayar da shi ya ce, "Kai, kama hancinka ka sake." Yaron ya matse hanci da yatsu biyu ya ja maddar, sai murya ta shaƙe. "Ka ji ko? Da ta baki kaɗai take fita, da ba ta shaƙe ba." Yaron ya ce, "Na ji, Allah gafarta Malam," ya sake gwadawa har sautin ya daina canzawa. Ka gwada da kanka: toshe hanci ka ce "baba", ba abin da zai canza, ka ce "mama" ko "nan", za ka ji yatsunka suna rawa.

Abin lura shi ne hanɗa ba ta da saurin harshe. Idan za ka ce "can", tana fara sauka tun kana kan "a", kafin a iso "n". Don haka duk wasalin da ke maƙwabtaka da "n" ko "m" yana samun nason hanci, a Hausa da kowane harshe. Sai dai a Hausa nason ba ya bambanta ma'ana. A wasu harsunan kuwa baƙin ya faɗi gaba ɗaya, nason ya zauna a kan wasali, ya zama shi ne ke raba kalma da kalma. John Hajek ya duba harsuna 244 a wani babban kundin taswirar harsunan duniya da ya fito a 2005, ya samu 64 suna da irin waɗannan wasula 'yan hanci, kuma Afirka ta Yamma na cikin wuraren da suka fi yawa. Maƙwabtanmu Yarbawa da Nufawa da Zabarmawa duk suna da su. Mu ne muke zaune a tsakiyarsu ba mu da ko ɗaya.

To me ya haɗa hanɗa da tsayin harshe, tunda kowa aikinsa daban? Nan ne batun ya fi daɗi, kuma amsar tana wajen kunne.

Mai ɗiban ruwa da jarka ba ya buƙatar leƙawa ya san ta kusa cika. Ƙarar ruwan tana canzawa yayin da sararin da ya rage ke raguwa. Kogon baki da maƙogwaro haka suke yi wa murya. Kowane fasali da harshe ya ba su yana ƙarfafa wasu amo, ya danne wasu. Amon da ya fi ƙasa a cikin waɗanda ake ƙarfafawa, wanda masana ke yi wa laƙabi da F1, shi ne kunne ya fi dogara da shi wajen gane tsayin wasali. A awon da Gordon Peterson da Harold Barney suka yi wa Amurkawa a 1952, matsakaicin F1 na maza ya kama girgiza 270 a sakan ga "i", 300 ga "u", sannan 730 ga "a". A riƙe wannan da kyau don yana rikita ɗalibai: wasalin sama adadinsa ƙarami ne, wasalin ƙasa adadinsa babba.

Da zarar hanɗa ta sauka, an haɗa kogon hanci da na baki, kuma shi ma yana da nasa amon da nasa abin da yake haɗiyewa. Arthur House da Kenneth Stevens sun nuna tun 1956 cewa yankin F1 ɗin nan ne ya fi shan wahala: ƙarfinsa yana raguwa, yana bajewa, wani sabon amo kuma ya ɓullo kusa da shi. A kan "a", sabon amon yana fitowa a ƙasa da F1, sai nauyin sautin ya rinjaya ƙasa. A kan "i" da "u", inda F1 ke can ƙasa dama, nauyin sama yake rinjaya. Kunnen mutum kuwa ba ya tsayawa rarrabe amo biyu da suke kusa da juna. Ludmilla Chistovich da abokan aikinta a Leningirad sun nuna cewa haɗe su yake yi ya ɗauki tsakiyar nauyinsu. Sakamakon ke nan: "a" mai hanci ana jin ta kamar ta ɗan hau, "i" da "u" masu hanci kamar sun ɗan sauko, alhali harshen mai magana bai motsa ba. Wasulan sun matso tsakiya, tazarar da ke tsakaninsu ta ragu.

Wadda ta fi kowa bin diddigin wannan a harsuna ita ce Patrice Beddor, a kundin digirinta na uku a Jami'ar Minesota a farkon shekarun 1980, inda ta tattara bayanan harsuna 75. Abin da ta samu ya yi daidai da abin da na'ura ta nuna. Wasulan sama suna sauka idan sun samu hanci, wasalin ƙasa yana hawa. Na tsakiya ne suka rabu biyu: inda baƙin hanci ya ɓace, sun fi sauka, inda yake nan ana furta shi, sun fi hawa, musamman "o".

Faransanci shi ne misalin sauka. Kalmar vinum, ruwan inabi, ta Latin, tsohon harshen da ya haifi Faransanci, ta zama vin, ana furta ta da wasalin da ya sauko ƙasa da "e". Kalmar "ɗaya" tana da siga biyu: une ta mace, inda ake jin "n" kuma wasalin yana sama, da un ta namiji, inda "n" ta tafi wasalin ya sauko. Haka fin da fine, tushe ɗaya, wasali biyu. A Faris yau mutane da yawa ma ba sa bambanta brun da brin, wasulan hanci huɗu sun koma uku a bakinsu. Fotugis kuma misalin hawa ne. Lá tana nufin "can", da "a" buɗaɗɗiya sosai; lã tana nufin ulu, kuma wasalinta ya hau tsakiyar baki, har baƙon kunne ba zai ce "a" ba ce.

Akwai kalma ɗaya da nake son ɗalibi ya riƙe saboda ta tara batun wuri guda. Iska a Latin ventus ce. A Faransanci ta zama vent, ana furta ta da "a" mai hanci, wato "e" ta faɗi ƙasa. A harshen Romaniya, wanda shi ma ɗan Latin ne, ta zama vânt, da wasalin sama, kuma "n" tana nan daram. A Ingilishi da Jamusanci, waɗanda suka gaji kalmar daga kaka ɗaya da Latin, wind ce, "e" ta hau ta zama "i". Romaniyanci ya yi wannan hawan ko'ina: haƙori daga dentem ya koma dinte, dutse daga montem ya koma munte, bonus ta koma bun, lana ta koma lână. A Ingilishin jihohin kudancin ƙasar Amurka kuma har gobe ana furta pen da pin iri ɗaya, alƙalami da allura sun haɗu, alhali pet da pit, da ba su da baƙin hanci, suna nan a rarrabe.

Kusa da gida, Yarbanci yana da wasulan baki bakwai, na hanci kuwa biyar ake lissafawa a rubutu: in, ẹn, an, ọn, un. Babu takwaran "e" da "o" waɗanda ake rubutawa ba ɗigo a ƙasa. Cikin biyar ɗin ma ẹn ba ta da yawa, sai a kalmomi irin su ìyẹn. Sannan an da ọn kusan abu ɗaya ne. Ana rubuta ọn bayan baƙaƙen leɓe kamar a ìbọn, bindiga, a rubuta an a sauran wurare kamar ẹran, nama, kuma da yawa suna furta duka biyun a ɗage. Ka saurari Bayarabe mai sayar da kayan mota a Katsina yana waya da gida, za ka ji an ɗinsa ta fi kusa da "o" a kunnenka. Nufanci yana da wasulan baki biyar, na hanci uku, "i" da "a" da "u", na tsakiyar sun fita. Larry Hyman ya yi rubutu a kan wannan giɓi a harsunan yankin tun 1972. Kafin shi, a 1963, Charles Ferguson ya lura cewa wasulan hanci a harshe ba sa fin na baki yawa. Dalilin a fili yake: idan fili ya tsuke, wasula kaɗan ne za su zauna a ciki ba tare da an rikita su ba. Ba dole ba ne kuma a rasa wasu, don Bambaranci na Mali yana da bakwai na baki da bakwai na hanci.

Saura tambaya mai wuya. Idan kunne yana ruɗuwa haka, me ya hana kowane harshe lalata wasulansa? Me ya sa "i" ta cikin "jinka" ko "rinto" ba ta zama "e" a bakinmu ba? Rena Krakow da Beddor da Louis Goldstein da Carol Fowler sun gwada wannan, suka buga sakamakon a 1988. Sun haɗa sautuka da na'ura suka sa masu jin Ingilishi su saurara. Idan wasali mai hanci ya zo kafin "n", masu sauraro suna gane tsayinsa daidai. Idan aka ba su wasalin nan dai babu "n" a bayansa, sai su ji shi ya sauko. Ma'ana kunne yana da wayo: idan ya ga baƙin da ya jawo nason, sai ya ɗora laifin a kansa ya cire shi daga lissafi. Ruɗuwa tana zuwa ne idan baƙin ya raunana ko ya ɓace, ko nason ya wuce yadda aka saba. A nan ne ra'ayin John Ohala na 1981 ya shigo, cewa sau da yawa mai sauraro ne tushen canjin sauti. Yaro ya ji "i" mai hanci, bai ji "n" sosai ba, ya ɗauka wasalin dama can ƙasa-ƙasa yake, sai ya saukar da harshensa da gaske don ya kwaikwayi abin da ya ji. 'Ya'yansa kuma daga bakinsa za su koya. Abin da ya fara a matsayin ruɗin kunne ya koma aikin harshe.

Ni wannan bayani ya gamsar da ni fiye da kowane, amma ba ya rufe kowace ƙofa. A Faransanci kansa, saukar "en" zuwa "an" ta faru tun wajen ƙarni na 11, lokacin da ana furta baƙin hancin. Shaidar tana cikin kalmar femme, mace, wadda ake furtawa "fam": wasalin ya samu hanci, ya sauka, daga baya hancin ya tafi ya bar shi a ƙasa, "m" kuwa ba ta je ko'ina ba. Kuma masu magana ba sa zama kawai abin ya same su. Christopher Carignan da abokan aikinsa sun auna motsin harshen Amurkawa a 2011 suka ga suna ɗan ƙara ɗaga harshe a kan "i" mai nason hanci, kamar masu rama abin da hanci ya rage. Harshe na iya bin ruɗin, yana kuma iya yi masa gardama. Saboda haka abin da Beddor ta samu rinjaye ne, kuma wanda ya koyar da shi a matsayin dokar da ba ta karyewa ya cuci ɗalibai.

Yanzu mu dawo Hausa, inda nake ganin an fi saurin zamewa. Muna rubuta "karen Audu" amma "karan Audu" muke faɗa. Muna rubuta "ragon layya", baki ya ce "ragwan layya". "Ƙauyenmu" ta zama "ƙauyanmu", har ka ga matasa suna rubuta ta haka a Facebook, kuma kunnensu bai yi ƙarya ba. Ɗalibin da ya gama karanta labarin Faransanci zai yi tsalle ya ce ga shi nan, "e" da "o" sun sauka gaban "n", hanci ya yi aikinsa a Hausa ma. Kafin ya rubuta haka, ya duba waɗannan: jefa, jajjefa, doka, daddoka, soke, sassoke. An maimaita gaɓar farko, ta zama rufaffiya, wato ta ƙare da baƙi, "e" da "o" sun koma "a", kuma babu ko ƙamshin hanci a wurin. Ya duba kalmomin aro, kwat da kwas, inda "o" ta Ingilishi ta zama "wa" gaban "t" da "s". Abin da ke aiki a nan tsarin gaɓa ne. Hausa ba ta barin dogon wasali a rufaffiyar gaɓa, sai ta gajarta shi, kuma gajerun "e" da "o" a wannan muhalli suna karkata zuwa "a", su bar alamarsu a kan baƙin da ya gabace su, shi ya sa ake jin "gwa" a ragwan. Laifin "n" kawai shi ne ita ce ta fi kowane baƙi yawan rufe gaɓa a Hausa, saboda ita ce mahaɗin namiji da jam'i. Ƙarin shaida kuma: da hanci ne, da wasulan sama ma sun sauka kamar yadda aka gani a Faransanci, amma "takalmin" da "tulun" suna nan da "i" da "u" ɗinsu.

Ga mu Katsinawa akwai wani abin da ya kamata mu lura da shi a bakinmu. Inda Bakano ke cewa zauna, aure, ɗaure, dattawanmu zamna, amre, ɗamre suke cewa. Namu ne tsohon furuci. A Kananci ne "m" ta ƙarshen gaɓa ta narke ta zama "u", ɗaya daga cikin sauye-sauyen da Bajamushe August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920. Abin sha'awa shi ne ko da Hausa ta rasa baƙin hanci a nan, ba ta bi hanyar Faransanci ba. Leɓen "m" ta riƙe, hancin ta yar. Haka "m" ta ƙarshen kalma a malam da mutum da kullum: a wasu bakunan ta koma irin "n" ɗin nan ta can baya da ake ji a ƙarshen "nan" da "can", amma dai baƙi ne har yanzu, kunne yana jin sa. Muddin yana jin sa, yana da inda zai jingina nason, kuma wasulanmu biyar suna zaune lafiya.

Duk wannan abu ne da ɗalibin Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Yusuf Bala Usman ta Daura zai iya aunawa da kansa ba tare da ɗakin gwaji ba. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, kyauta ake sauke ta, kuma waya mai kyau ta isa ɗaukar murya a ɗaki marar hayaniya. Sharaɗin shi ne a kwatanta abin da ya yi daidai: rufaffiyar gaɓa da rufaffiyar gaɓa, gajeren wasali da gajere, karin sauti iri ɗaya, misali a nemi kalmomi masu "an" da masu "ar" ko "as" bayan baƙi guda, haka "in" da "is", "un" da "us". A ɗauki tsofaffi da matasa, na cikin birni da na ƙauyukan bakin iyaka da ke cuɗanya da masu Faransanci. A kuma yi hattara da adadin F1 da manhajar ke bayarwa kai tsaye a kan wasali mai naso, don takan ɗauki amon hanci ta ce na baki ne. Sai an buɗe hoton sautin an duba da ido, kalma bayan kalma.